Shin tukunyar da ruwa ba ya kama jikinta ta fi saurin tafasa?

Tun da kuɗin gas ya zama abin lissafi a kowane gida, wata magana ta yaɗu a bakin masu sayar da kayan kicin, daga Kasuwar Sabon Gari har shagunan cikin unguwa: wai tukunya mai baƙin shafe, wadda abinci ba ya kamawa, ta fi ta alminiyam saurin tafasa, saboda haka ta fi rage cin gas. Hujjar kuwa ido ke ganinta. A ɗora tukwane biyu a wuta, sai a ga gindin mai shafen ya cika da kumfa tun ɗayar tana shiru. Amma a unguwannin masana'antu na Kano, Sharada da Bompai da Challawa, masu kula da boila, wato babbar tukunyar samar da tururi, sun san wani abu da ya saɓa wa wannan: maiƙo kaɗan a jikin bututu ya isa ya sa ƙarfe ya yi taushi ya kumbura. To wanne za a ɗauka? Fuskar da ke ƙin ruwa taimakon tafasa take yi, ko cutar da ita?

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai a wuri daban. Fuska mai ƙin ruwa tana fara tafasa da wuri, tana kuma gazawa da wuri. Fuska mai karɓar ruwa tana jinkirin farawa, amma tana jure zafin da waccan ba za ta jure ba. Wadda ta dace da kai ta dogara ne da yawan zafin da kake tursasa wa kowane ɗan yanki na ƙarfenka ya wuce da shi.

Mece ce jiƙuwa?

Ɗiga ruwa a kan gilashin da aka wanke tas, za ka ga ya baje ya zama siririn shimfiɗi. Ɗiga shi a kan ganyen gwaza, sai ya dunƙule kamar ƙwayar carbi ya gangare, ganyen na nan a bushe. Wannan bambancin shi ne jiƙuwa. Ƙwayoyin ruwa suna jan junansu, fuskar da suka sauka a kai ita ma tana jan su. Idan jan fuskar ya rinjaya, ruwa ya baje. Idan jan junansu ya rinjaya, ruwa ya dunƙule.

Ana auna abin da kusurwar da gefen ɗigo ya yi da fuskar, a auna ta cikin ruwan. Thomas Young, masani ɗan Ingila, shi ya bayyana ƙa'idarta a 1805. Ƙasa da digiri 90, ana cewa fuskar tana karɓar ruwa. Sama da haka, tana ƙin sa. Tsaftataccen gilashi kan sauko ƙasa da digiri 10. Shafen Teflon, wanda shi ne a yawancin tukwanen da ba sa kamu, yana wajen digiri 110. Abin da ya wuce 150 shi ne matsanancin ƙin ruwa, irin na ganyen gwaza.

Kaushi yana da nasa tasirin. Wenzel ya nuna a 1936 cewa idan ruwa ya shiga cikin kaushin, kaushi ba ya canza halin fuska, ƙara masa ƙarfi yake yi: mai karɓa ta ƙara karɓa, mai ƙi ta ƙara ƙi. Cassie da Baxter kuma, a 1944, sun bayyana yanayin da ɗigo ke zama a saman tsinin kaushin, iska na maƙale a ƙarƙashinsa. A riƙe wannan iskar a rai, domin ita ce tushen yawancin abin da zai biyo baya.

Akwai kuma wani abu da ake yawan mantawa. Ɗigo ba kusurwa ɗaya gare shi ba. Idan aka karkata faranti, gefen da ke gaba yana da kusurwa babba, gefen da ke ja da baya yana da ƙarama. A lokacin da kumfa ke girma a gindin tukunya, ruwa ja da baya yake yi, don haka kusurwar bayan ce ke faɗin yadda gindin kumfar zai buɗe. Fuska biyu na iya yin kama da juna idan ɗigo yana zaune, su bambanta ƙwarai idan wuta ta kama.

Daga ina kumfa ke fitowa?

An saba cewa ruwa na tafasa a digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. A Kano, da yake birnin yana kusan mita 480 sama da teku, abin yana wajen 98 da rabi ne. Amma kaiwa wannan zafin ba shi ke haifar da kumfa ba. Ruwa tsantsa da ba shi da abin jingina zai iya kaiwa kusan digiri 300 kafin tururi ya ɓarke a tsakiyarsa da kansa. Kumfa tana bukatar iri, kamar yadda shuka ke bukata. Irin nata shi ne 'yar iska ko ɗan tururin da ya maƙale a cikin ƙananan ramuka da karce-karcen da ke jikin ƙarfe, waɗanda ido ba ya gani.

Fatar ruwa, wadda jan da ƙwayoyin ruwa ke yi wa junansu ke samarwa, tana matse kowace kumfa, kuma gwargwadon ƙanƙantar kumfa, gwargwadon tsananin matsin. Kafin tururin ciki ya iya turo fatar, sai ruwan da ke kewaye da shi ya zarce zafin tafasa da wasu digirori. Wannan ƙarin shi za mu kira rarar zafi. Ga misali da adadi. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kaurin gashin kai kuwa wajen maikiron 70 ne. Ramin da faɗin bakinsa ya kai maikiron 20 yana bukatar rarar digiri 3 kacal. Wanda bakinsa maikiron 2 ne yana bukatar sama da digiri 20. Manyan ramuka ke fara aiki, ƙanana su biyo baya yayin da ƙarfe ke ƙara zafi.

Nan jiƙuwa ta shigo. Lokacin da aka zuba ruwa a tukunya, idan fuskar mai karɓa ce, ruwan zai bi bangon rami ya gangara har ƙasansa, ya kori iskar duka. Ramin ya mutu ke nan, ba zai haifi kumfa ba. Idan fuskar mai ƙi ce, ruwan zai tsallake bakin ramin ya bar iska a ciki. Bankoff ya tsara wannan a 1958: rami yana riƙe iska idan kusurwar ɗigo ta fi buɗewar ramin girma. Shi ya sa fuska mai ƙin ruwa ke da iri mai yawa, ta fara kumfa da rarar digiri ɗaya ko biyu, alhali fuska mai santsi mai karɓar ruwa sai ta jira digiri goma ko fiye.

Wannan jiran yana da haɗarinsa. Ruwan da aka ɗumama a sabon kofin gilashi cikin na'urar maikirowef zai iya wuce zafin tafasa yana kwance lumui, sai an jefa sukari ko ganyen shayi ya yi tsalle ya ƙona hannu da fuska. Dalilin ke nan da ake jefa 'yan tsakuwoyi masu kaushi a kwalbar gwaji a ɗakunan kimiyya na makarantu. A gida, tsinken katako a cikin kofin ya wadatar.

Sai kuma wani gyara ga masu kallon gindin tukunya. Ƙananan kumfar da ke jeruwa a jiki tun ruwa bai yi zafin da zai hana a sa yatsa ba, ba tururi ba ne. Iska ce da ta narke a cikin ruwa take fita, saboda ruwan zafi ba ya riƙe iska kamar na sanyi. Tana son manne wa fuska mai ƙin ruwa, shi ya sa take cika gindin tukunya mai shafe. Ganin ta ba ya nufin ruwan ya fi na ɗaya tukunyar zafi.

Matakan tafasa, da inda take ƙurewa

Tafasa hanya ce ta kwashe zafi da ba ta da na biyu. Ɗaga lita ɗaya ta ruwa daga digiri 25 zuwa tafasa yana cin wajen kilojul 310 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne). Mayar da wannan litar tururi yana cin wajen kilojul 2,260, wato fiye da ninki bakwai. Kowace kumfa da ta tashi ta tafi da kaso nata, ta kuma motsa ruwan da ke jikin ƙarfe, sabo ya maye gurbinsa. A ƙarƙashin kumfar da ke girma akwai wani siririn shimfiɗin ruwa, 'yan maikiron kaɗan, wanda ke ƙafewa cikin ƙiftawar ido yana sanyaya ƙarfen.

A 1934, Shiro Nukiyama na Jami'ar Tohoku a Japan ya nutsa waya a ruwa ya riƙa ƙara mata lantarki yana auna zafinta. Abin da ya gano shi ne har yau ake koyarwa. Da farko ruwa na zagayawa ba kumfa. Da rarar zafi ta kai wajen digiri 5, kumfa ta fara, kuma daga nan ƙarin digiri kaɗan yana ninka zafin da ke wucewa. Haka abin ke hawa har rarar ta kai wajen digiri 30, inda lodin zafi, wato yawan zafin da ke ratsa fuskar ƙarfe, ya kai kimanin wat 110 a kowane murabba'in santimita. Wannan ce maƙura. Tururi ya yi yawan da ruwa ba ya samun hanyar komawa jikin ƙarfe, kumfa ta haɗe ta zama mayafi ɗaya. Tururi kuwa ba ya wuce da zafi, ruwa ya fi shi da ninki fiye da 25. Idan wutar ba ta ragu ba, zafin ƙarfen sai ya yi tsalle ya haura digiri 1,000. Wayar Nukiyama ta farko ƙonewa ta yi, sai da ya koma wa ta filatinam.

Duk wadda ta taɓa yayyafa ruwa a tanda don ta ji ko ta yi zafin zuba ƙullun masa ta ga wannan mayafin. Idan tandar ba ta yi zafi sosai ba, ɗigon ya yi cuu ya ƙafe nan take. Idan ta yi zafi ƙwarai, wajen digiri 200 ko fiye, ɗigon ya dunƙule yana yawo a kai, ya daɗe bai ƙafe ba, domin a kan tururinsa yake zaune. Wani likita Bajamushe, Leidenfrost, ya rubuta bayanin abin tun 1756, da sunansa kuma ake kiran sa.

Inda jiƙuwa ke jan igiya ta fuska biyu

A kan fuska mai ƙin ruwa, gindin kumfa buɗewa yake yi, ya mamaye fili ya bar shi a bushe. Idan kumfar ta tsinke ta tashi, takan bar ragowar tururi a wurin, sai ta gaba ta fara girma ba jira. A ƙaramin lodi wannan riba ce, ƙarfe na zama da sanyi-sanyi yana fitar da zafi. Amma da lodi ya ƙaru, gindin wannan kumfa ya taɓa na waccan, busassun wurare su haɗe, ruwa kuma ba shi da sha'awar komawa. Maƙura sai ta sauko ƙasa sosai. A kan fuska mai matsanancin ƙin ruwa da iska ke maƙale a kaushinta, mayafin kan samu tun daga farko, a tsallake tafasar kumfa baki ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a 2012, ƙarƙashin Vakarelski na Jami'ar Sarki Abdullah a Saudiyya, ya nutsa ƙwallayen ƙarfe masu zafi masu irin wannan fuska a ruwa, mayafin tururin ya ƙi fashewa har suka huce.

A kan fuska mai karɓar ruwa kuwa, gindin kumfa tsukakke ne, ruwa na kutsawa ƙarƙashinta. Da ta tashi, ruwa ya rufe wurin. Idan fuskar tana da ƙananan hanyoyi da ke tsotsar ruwa kamar lagwanin fitila, to ko wani wuri ya bushe, ruwa zai biyo ta ƙasa ya jiƙa shi. Lissafin maƙura da Zuber ya fitar a 1959 bai sa jiƙuwa a ciki ba, motsin ruwa da tururi kawai ya duba. Sai a 2001 Kandlikar ya kawo lissafin da ya shigar da kusurwar ɗigo, ya nuna maƙura na hawa yayin da kusurwa ke sauka.

Wani abin da ya faru a fagen bincike ya ƙara fito da wannan fili. A 2003 aka ba da rahoton cewa zuba ɗan garin alumina (sinadarin alminiyam da iskar oksijin) mai matuƙar laushi a ruwa yana ɗaga maƙura sosai. Da farko an ɗauka ruwan ne ya canza. Daga baya masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka, su Buongiorno, suka nuna cewa garin kwanciya yake yi a jikin ƙarfe lokacin tafasa, ya bar shafe mai kaushi mai shan ruwa. Fuskar ce ta canza, ba ruwan ba.

Tun da kowace fuska tana da abin da ɗayar ta rasa, injiniyoyi sun nemi haɗa su. Tun 1964 wani Young daban da Hummel suka ɗiɗɗiga Teflon a kan ƙarfe suka ga tafasa ta inganta. A 2010 Amy Betz da abokan aikinta a Jami'ar Kolombiya ta Amurka suka yi fuska mai karɓar ruwa, suka jera mata ƙananan tsibirai masu ƙin ruwa. Tsibiran suna haifar da kumfa da wuri, filin da ke tsakaninsu yana hana su haɗewa yana kawo ruwa. Sun samu ƙarin maƙura har kashi 65 cikin ɗari, saurin wucewar zafi kuma ya kai ninki biyu. Sirrin yana cikin tazara: idan tsibiran suka matsu da juna, an koma gidan jiya. Matsalar da ta hana irin wannan cika kasuwa ita ce ƙarko, domin shafe mai sirantar da ake bukata ba ya jure watanni a cikin tafasasshen ruwa mai datti.

Lissafin kicin

Mu dawo kan tukunya. A ɗauki kan murhun gas mai ba da wat 2,000. Kusan rabin wannan zafin ne ke shiga tukunya, sauran ya bi gefe ya tafi. Tukunya mai faɗin gindi santimita 20 tana da fili murabba'in santimita 314. Raba wat 1,000 a kan wannan, ka samu wat 3 da ɗoriya a kowane murabba'i. Maƙura tana 110. Girkin gida bai kai kashi uku cikin ɗari na iyakar ba, don haka mai tukunyar shafe ba ta da fargabar mayafin tururi muddin akwai ruwa a ciki.

Ribar fa? A wannan lodin, gindin tukunyar alminiyam bai fi ruwan da ke kansa zafi da digiri goma ba. Ko da shafe ya rage wannan da rabi, an ceci digiri huɗu ko biyar. Harshen wutar da ke ƙasa ya haura digiri 1,000. Digiri biyar a cikin dubu ba abin da zai nuna a nauyin silinda. Ƙari a kan haka, Teflon ba ya wuce da zafi: shafe mai kaurin maikiron 30 yana cinye kusan digiri 4 a wannan lodin. Abin da aka samu ta nan ya zube ta can. Sannan kafin ruwa ya kai ga tafasa, wanda shi ne yawancin lokacin jiran, jiƙuwa ba ta da wani aiki.

Cikas ɗin yana ɓangaren wuta, ba ɓangaren ruwa ba. Iskar zafi ba ta iya miƙa zafi ga ƙarfe da saurin da ruwa ke karɓa. Abin da ke rage gas shi ne gindi mai faɗin da ya rufe harshen wuta, wuta shuɗiya ba ja ba, kare murhu daga iska musamman a lokacin hunturu, da murfi. Kowace lita da ta tashi a tururi daga buɗaɗɗiyar tukunya ta tafi da kusan giram 100 na gas. Kuma da ruwa ya tafasa, ƙara wuta ba ya ƙara masa zafi ko digiri ɗaya. Wake ba zai nuna da sauri ba, ruwan ne zai ƙone da sauri.

Tukunya mai shafe tana da amfaninta wajen suyar ƙwai da sauƙin wanki. Abin kiyayewa shi ne kada a bar ta a wuta ba komai a ciki, domin Teflon na fara lalacewa daga digiri 260.

Boila, hita da injin mota

A masana'antu lissafin ya sha bamban. Bututun wutar boila, irin na kamfanonin gumin shinkafa da na matsar man gyaɗa da waken suya, yana iya ɗaukar wat 20 ko fiye a murabba'in santimita a daidai inda harshen wuta ya fi ƙarfi. Idan boila na aiki a matsin bar 10 (bar ɗaya ya kai kusan matsin iskar da ke kewaye da mu), ruwan ciki yana digiri 184, ƙarfe mai tsabta kuma bai fi haka da yawa ba. Ƙarfen boila yana fara rasa ƙarfinsa idan ya haura wajen digiri 450.

Maiƙo yana cutarwa ta hanya biyu. Ta farko, shi kansa bargo ne: shimfiɗin mai mai kaurin kashi ɗaya cikin goma na milimita, a lodin wat 20, yana ƙara wa ƙarfe wajen digiri 150. Ta biyu, yana mayar da fuskar mai ƙin ruwa, tururi ya riƙa zama a jikinta, maƙura ta sauko ta tarar da lodin da a da ba shi da haɗari. Man kuma yana kama laka da ɓawo ya gasu tare da su. Yawanci ta ruwan da ke dawowa daga tururi yake shigowa: bututun ɗumama tankin mai ya huje, ko famfo yana yoyon man shafawa, ko sabuwar boila da ba a dafa ta da sinadarin wanki ba kafin a fara aiki. Alamunsa su ne ƙyallin mai a gilashin duba ruwa, ruwan gilashin yana tsalle, da tururi mai jiƙe. Duk wanda ya ga wannan, abin yi shi ne ya karkatar da ruwan dawowa zuwa magudana har a gano inda ya huje, ya zubar da ruwan sama-sama inda mai ke taruwa, sannan a tsayar da boila a wanke ta. Ci gaba da aiki don kada a rasa kwana ɗaya shi ne mafi tsadar shawara, ga kuma rayukan ma'aikata a gefenta.

Ɓawon da ruwan burtsatse mai yawan gishirin ƙasa ke bari ya fi yaudara. Fari ne, mai kaushi, yana shan ruwa, don haka a samansa tafasa tana tafiya lafiya lau. Matsalar tana ƙarƙashinsa. Ɗauki hitar ruwa ta wat 1,500 da ake tsomawa a bokiti, lodinta wajen wat 10 ne a murabba'in santimita. Ɓawon milimita ɗaya yana ƙara wa bututunta digiri 50 zuwa 100, wayar ciki kuma ta fi haka. Hitar da ta mutu ba maƙura ta kai ba. Ko ɓawo ne ya shaƙe ta, ko wani sashe nata ya fito saman ruwa ya ƙone a iska. Jiƙa ta a ruwan tsami ko ruwan lemon tsami duk bayan makonni kaɗan, a tabbatar kuma ruwa ya rufe ta kafin a kunna.

A injin mota, wurin da ya fi zafi a kan silinda, kusa da bawul ɗin hayaƙi, yakan yi 'yar tafasar kumfa idan ana jan kaya ko an maƙale a cunkoson rana, kuma hakan taimako ne. Idan gasket ya ƙone mai ya gauraya da ruwan lagireto, ko murfin lagireton ya daina riƙe matsi, wannan 'yar tafasar kan zama aljihun tururi. Murfi mai lafiya yana riƙe matsin kusan bar 1, wanda ke ɗaga tafasa zuwa wajen digiri 120. Bayan canza gasket, wajibi ne bakanike ya wanke hanyoyin ruwa har maiƙon ya fita, ba ya cika ruwa kawai ya tayar ba.

Masu gyaran waya da kwamfuta a Farm Centre su ma suna riƙe da wannan ilimin a hannunsu. Siririn bututun jan ƙarfen da ke kwashe zafi daga ƙwaƙwalwar kwamfuta rufaffe ne, an zuƙe iskarsa, an sa ɗan ruwa. Bangonsa na ciki lagwani ne na garin jan ƙarfe, wanda dole ya kasance mai matuƙar karɓar ruwa don ya jawo shi ya dawo wurin zafi. Idan aka lanƙwasa bututun ya karye lagwanin, ko ya huje iska ta shiga, ya tashi daga aiki, ko da fanka na juyawa.

Maƙera da mayafin tururi

Maƙeri yana bin hanyar Nukiyama ne daga ƙarshe zuwa farko. Idan ya tsoma ruwan gatari ko bakin fartanya da ya yi ja wur, sama da digiri 800, mayafin tururi ke fara rufe shi, sanyaya na tafiya a hankali. Sai mayafin ya fashe, ruwa ya taɓa ƙarfe, zafi ya fita da ƙarfin gaske. Taurin ƙarfe ya dogara da saurin wannan saukar. Inda mayafi ya daɗe, wurin zai fito da taushi. Inda wani gefe ya riga wani hucewa, ƙarfen ya karkace ko ya tsage.

Fuska mai shan ruwa da ɗan kaushi tana fasa mayafi da wuri. Mai santsi da sheƙi tana riƙe shi. Shi ya sa ake motsa ƙarfe a cikin ruwa maimakon a riƙe shi wuri ɗaya, shi ya sa kuma ruwan gishiri, kamar kashi goma cikin ɗari, ya fi ruwa zalla kaifin sanyaya. Ruwan da ya ɗumama da yawan tsomi yana tsawaita mayafi, haka ma ruwan da sabulu ya shiga.

Jiƙuwa ba ta zama yadda aka bar ta

Ƙarfen da aka goge yanzu yana karɓar ruwa. A bar shi a iska kwana biyu, maiƙon da ke yawo a iska ya sauka a kansa, kusurwa ta hau. A wurin da hayaƙin janareta da na suya ke yawa, abin ya fi sauri. Taɓawar yatsa ɗaya ma tana barin tabo. Alminiyam kuwa idan aka tafasa ruwa a cikinsa yana yin wata siririyar fata mai kaushi da ke shan ruwa sosai, sai miya mai manja ta zo ta rufe ta. Don haka adadin da mai sayar da wani shafe ya faɗa na ranar farko ne. Abin tambaya shi ne nawa kusurwar take bayan awa ɗari biyar a cikin ruwan da za a yi aiki da shi.

Gwajin bai bukatar manyan kayan aiki. Mafi sauƙi shi ne a kwarara ruwa mai tsabta a kan ƙarfen a tsayar da shi. Idan ruwan ya zauna a shimfiɗe ba yankewa har daƙiƙa 30, ba maiƙo. Idan ya tsattsage ya koma ɗigo-ɗigo, akwai. A tabbatar an ɗauraye sabulu tas tukuna, domin ragowarsa na baje ruwa ko a kan fuska mai maiƙo, ya ba da amsar ƙarya. Wanda ke son adadi, ya ajiye ƙarfen a kwance, ya sauke ƙaramin ɗigo daga bakin allura, wanda faɗinsa bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, ya ɗauki hotonsa daga gefe da waya, ya gwada tsayinsa da faɗin gindinsa. Tsayin da ya kai rabin faɗi digiri 90 ne. Rubu'in faɗi wajen digiri 53 ne. Kashi ɗaya cikin goma wajen digiri 23 ne. A zafin Kano na watan Afrilu ɗigo irin wannan yana ƙafewa da sauri, don haka a ɗauki hoton cikin daƙiƙa goma na farko, a kuma maimaita a wurare biyar na jikin ƙarfen, har da kusa da walda, inda maiƙo ya fi ɓuya.